Gwamnati Ta Ƙi Shiga Ƙarata

Ƙanwata Vesela,

Ina gaishe ki da yara. Yaya ƙafar mijinki Stoyan? Ni lafiya lau a Ohio, nan Amurka. Tun da kamfani ya kore ni daga tuƙin motar asibiti, har barcin rana nake samu.

Na kai su ƙara saboda suna cajin gwamnati kuɗin ɗaukar majinyatan da babu su. Yanzu gwamnatin ta ce ba za ta shiga ba. Manajan kamfanin ya tare ni, ya ce, "Tsoho, mai kayan ma ya haƙura, kai meye naka?"

Na ce, "Yaro, ni na riƙa tuƙa motar wayam."

Doka ta yarda in ci gaba ni kaɗai, da sunan gwamnatin. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki gyara min ɗaki tukuna, don ban tashi dawowa gida ba.

Yayanki,
Tsvetan