Kilishi Zuwa Tsibirin Komoro

220 Logements, Adjamé, Abidjan
Nuwamba 1998

Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan sai godiya, in ka cire jikin Baba.

Wasiƙarka ta iso, na karanta masa ita. Ya tambaye ni wai har yanzu aikin da ya kai ka Komoro ke nan, bin gidaje da sikeli kana auna abin da mutane ke ci? Na ce e, kuna son gano ko abinci mai gina jiki ƙaruwa yake ko raguwa a ƙasar cikin shekarun nan. Ya ce ɗan mahauci guda, ya ƙare boko, ya tsallaka teku don leƙen tukunyar mutane. Ka dai san bakinsa. Amma da na zo inda ka ce kifin masunta na ta ja baya, fukafukan kaji na kwali da ake shigowa da su daga waje ke cika kasuwa, kuma 'ya'yan masuncin da kake haya a gidansa sai su yi mako ba su ga tsoka ba, sai ya bar ba'a. Can ya ce in maimaita masa zancen ƙaramarsu, wadda ka ce gashinta ya yi ja don rashin abinci mai gina jiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Likita a asibitin Treichville ya ce ƙodar Baba ce ta gaji. An hana shi gishiri, nama kuwa sai abin da bai cika tafin hannu ba. Mutumin da ya tsufa yana yi wa kowa gyara a teburinsa na kasuwar Adjamé, yau ni ke ɗora masa tsoka a sikeli. Ya ce ni da kai sana'armu ta zama ɗaya. Na yi dariya, sannan na shiga kicin na yi kukana.

Ba zai taɓa cewa ka zo ba, tunda ba da son ransa ka tafi ba. Ni ce nake cewa. Ka nemi hutu, ka zo ka gan shi.

Maigidana Fatihu na gaishe ka.

Ƙanwarka,
Hadijatu


Fabrairu 1999

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zazzaɓin da ka ambata ya sake ka.

Na ga amsarka. Wai sai kun haɗa rahoto, wai lissafin kifi bai yi daidai da na tashar jiragen ruwa ba, sai bayan babbar Sallah za ka zo. To, Allah ya daidaita muku. Ban gaya wa Baba zancen kifin ba, cewa na yi jirgi ne babu. Kada ka ga laifina, haushinka nake ji.

Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Ya bar wa yaransa tebur. Sai ga shi ranar Juma'a ya tashi da cewa kilishi zai yi. Ya aiki Fatihu sayen cinyar saniya, ya mayar da shi har sau biyu, wai ta farko da kitse, ta biyu kuwa saniyar ta girme shi. Ya zauna a tabarma da tsohuwar wuƙarsa. Abin da da yake ferewa yana hira da mutane, yini guda ya ɗauke shi, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba.

Ka san ranar Abidjan ba ta busar da nama sai da lallashi. Kullum sai Fatihu ya goya Baba zuwa saman bene, ya zauna yana kore ƙuda, yana harara hadarin da ke tasowa ta wajen unguwar Indénié. Da ya kwaɓa labu, tunkuza da kayan yaji, ya kai yatsa baki, sai ya tuna. Ya miƙo mini ya ce in ɗanɗana masa. Na ce ya yi. Ya ce ƙarya nake, bakina na 'yan Abidjan ne, cin acheke, dambun rogon nan, ya lalata shi.

Ya ce na 'ya'yan masuncin ne, shi ya sa ya rage barkono. Amma akwai wani kaso da ya ware gefe ya zabga wa yaji, irin wanda kake ci kana hawaye. Bai ce na wane ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Yaya, jiya ya kira Fatihu da sunanka. Ban san yadda zan faɗa maka fiye da haka ba.

Taka,
Hadijatu


Afrilu 1999

Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

A waya ban iya yi maka bayani ba, layin na yankewa, ni ma muryata na yankewa. Ana jajibirin Sallah ya cika, da hantsi, kansa a cinyata. Mahautan Adjamé sun bar raguna a ranar cinikinsu suka raka shi. Ban san yana da mutane haka ba.

Ka ce in yafe maka. Na yafe, don ba ni da wani ɗan'uwa sai kai. Kada ka ce mini rahoton ya fito, ba na son jin ko ƙaruwa aka yi ko raguwa.

Wani ɗalibi ɗan tsibirinku da ke zaune nan unguwar Arras zai koma gida, shi zai kawo maka wannan takarda da ƙunshi biyu. Baba ne ya naɗe su da hannunsa. Babban na yaran ne, ƙaramin mai jan zare naka. Tun da aka gasa ya hana kowa ko ɓalli, shi ma sai dai ya buɗe ya shinshina ya mayar.

Na tambaye shi ko yana da saƙo gare ka. Na ɗauka zai yi faɗa, ko ya ce ya yafe. Sai ya ce: "Ki ce masa yarinyar nan mai jan gashi a fara ba ta. Nasa kuma ya ci. Kada ya ɗora a sikeli."

Shi ke nan abin da ya bar maka, Yaya. Ka ci.

Ƙanwarka,
Hadijatu Alu