Ƙafar Hagu ta Baban Precious

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Mota ta shigo gida. Ta hannu ce, ruwan toka, mai giyar hannu. Na ce wa maigidana Yona ya ɗauki wadda ke canja giya da kanta, ya ce wannan motar ragwaye ce, shi da ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa manyan ma'aikata ba zai ƙare da ita ba. To, kuɗin sallamarsa ne, na ja bakina.

Zamani, dilan da ya sayar mana a Tunga, ya ba mu takardar garanti ta wata shida. Na adana ta cikin littafin waƙoƙin coci.

Mutumin nan ya wanke motar sau biyu yau. Motar da aka kawo a wanke.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ya hana ni zama gaba. Sai ya buɗe mini ƙofar baya, ta dama, inda oga ke zama, ya tsaya har na gyara zani sannan ya rufe. Wai ya gama buɗe wa matan wasu ƙofa, yanzu layi ya zo kan tasa matar. Matan zumunta suna ta tsiya a bakin coci, Liyatu har da rusunawa tana kirana Kwamishina. Na ce su ci kansu.

A nan dai zan faɗa: daɗi ya kusa kashe ni.

Laraba, 26 ga Yuni

Wani ƙauri a mota da muna hawa tudun Bosso, kamar an manta tukunya a wuta. Ya ce wata tifa ce a gabanmu. Ni ban ga tifa ba.

Talata, 9 ga Yuli

Ta tsaya mana cak a Kpakungu, tsakiyar cunkoso. Inji na ihu, mota ba ta motsi. 'Yan acaɓa suna ta zagi, wani ɗan banza har da cewa baba ya koma makarantar koyon tuƙi. Na leƙo ta taga na ba shi nasa. Yona kuwa hannuwansa biyu a kan sitiyari, yana kallon gaba. Gara ma a ce ya yi faɗa.

An ja ta zuwa garejin Ndatsu, makaniken da Zamani ke aiki da shi. Kuloci ya ƙone, in ji shi. Wata biyu da kwana biyar.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na je wajen Zamani ni kaɗai bayan an tashi daga makaranta. Yona ya ce a bar maganar, a gyara kawai. Wace irin a bari? Da takardarmu a hannu?

Zamani ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ɗora yatsa a ƙasan takardar, inda rubutu ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero. Garanti na inji ne da akwatin giya kaɗai. Kuloci da burki da taya da batir ba sa ciki, wai su kayan da ke cinyewa ne, kuma yadda aka taka su haka suke kwana. Na tambaye shi me ya sa bai karanta mana wannan layin ba ranar da yake washe baki. Ya ce ya karanta wa maigida.

Shekara ashirin da shida ina koyar da 'yan aji huɗu, na san yadda ake ɗaga murya ta kai bayan aji. Na faɗa masa, gaban masu sayen mota su uku, cewa ya liƙa mana ruɓaɓɓen kuloci ne, kuma mijina bai taɓa ƙona kuloci ba tun kafin a yaye shi Zamanin. Ɗaya daga cikinsu ya sulale ya tafi. Na ji sanyi a raina.

Litinin, 15 ga Yuli

Ndatsu ya nuna mini farantin kulocin da ya ciro. Baƙi ƙirin, gefensa ya yi shuɗi. Ya juya shi, ya sake juyawa, sai da ya duba Yona ba ya kusa sannan ya ce, da Hausarsa ta Banufe:

"Madam, wannan ba tsufa ya kashe shi ba. Ƙafa ne. Mutum yana ajiye ƙafa a kai, ba ya ɗagawa."

Na ce masa dama bakinsu ɗaya da Zamani, ai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bai ji haushi ba. Ya ce in yi haƙuri, ya koma ƙarƙashin mota.

Juma'a, 19 ga Yuli

An sa sabo, daga aljihunmu. Na rubuta takardar ƙorafi zuwa ƙungiyar dilolin mota, shafi biyu. Yona ya ƙi sa hannu. Wai idonsa na ciwo.

Precious ta kira daga Kaduna, ta ce Mama ki bi a hankali da hawan jininki. Nawa take ji, na ubanta kuwa ko tambaya babu, don shi ba ya taɓa cewa komai na damunsa.

Asabar, 17 ga Agusta

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun je Kuta da sassafe gaida yayarsa, muka juyo tun rana na sama. Ta cika mana but ɗin mota da sabuwar doya, da ya cika aka jera sauran a kujerar baya har da buhun masara. Ba wurin zama. Ya so a rage doyar, ya nace sosai, har yayar ta ce ko raina kyautar ya yi. Dole na zauna gaba, karo na farko tun da aka sayi motar.

Da zai shiga, ya zauna, ya sa ƙafar dama. Ta hagun kuma sai ya sa hannu ƙarƙashin gwiwa ya ɗago ta ya ajiye, da sauri, yana yi mini hirar farashin taki don kada in duba. Na duba.

Daga Kuta har Gwada har Maitumbi, ƙafar nan tana kwance a kan kuloci. In zai canja giya ya danna da dukan jikinsa, in ya gama ba ta dawowa ƙasa, sai ta tsaya a wurin tana ɗan rawa. Kafin mu shigo gari ƙaurin nan ya dawo. Shi ya ji, ni na ji. Ya kunna rediyo.

Wata uku ina zaune a baya ina ɗaga wa mutane hannu.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba.

Talata, 20 ga Agusta

Na same shi da hantsi a gindin mangwaro yana goge fitilun mota. Na kawo kujera na zauna, na ce ya miƙo ƙafar in gani. Ya yi kamar bai ji ba. Na ce Baban Precious, ni ce fa.

Sai ya faɗa mini. Tun watan Fabrairu ne, wata safiya ya tashi ya ji ta kamar ta aro, bakinsa ma ya ɗan yi nauyi, zuwa azahar ya sake. Ya ce sanyi ne. Ya san ba sanyi ba ne. Na tambaye shi, da ya san haka, me ya kai shi sayen mai giyar hannu?

"In na sayi ɗayar, ai na yarda ke nan," ya ce. "Dorothy, in ba tuƙi, me na iya?"

Na zo da faɗa cike da baki, na yi ta tsara shi tun ranar Asabar. Ko ɗaya bai fito ba. Na ɗora ƙafar a cinyata ina matsawa, ta rame fiye da 'yar uwarta, ban taɓa lura ba. Shekara talatin da uku muna kwana ɗaki ɗaya. Na yi kuka, shi kuma yana ba ni haƙuri kamar ƙafata ce.

Litinin, 26 ga Agusta

Asibiti, a keke napep. Likita ta ce ƙaramin shanyewar ɓarin jiki ne ya wuce ta kansa, Allah ya taƙaita. Magani kullum, gashin ƙafa da motsa jiki duk Alhamis, gishiri kuma sai dai ya gani a kasuwa. Tuƙi, a ajiye tukuna. Ya tambaye ta zuwa yaushe. Ta ce a ajiye dai tukuna.

A hanyar dawowa bai gyara wa mai napep tuƙi ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi maganar likita tsorata ni.

Alhamis, 29 ga Agusta

Na kai wa Zamani doya biyar. Na so in same shi shi kaɗai, sai na tarar da mutane, na ce daidai ke nan, a gaban mutane na ci masa mutunci. Na ce laifin ba na motarsa ba ne, ya yafe mini. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe ya sani. Ranar gwajin mota ya ga yadda Baba ke shiga, shi ya sa ya yi ta tura masa mai canja giya da kanta. Ya ce bai ga ta yadda zai faɗa wa matar mutum abin da mutumin bai faɗa mata ba. Ndatsu ma haka. Garin nan kaf sun gani, sai ni.

Takardar ƙorafin na hura gawayi da ita.

Asabar, 7 ga Satumba

Kwana goma sha biyu mota na rufe da tamfol, shi kuma yana zaune yana kallonta. Abinci sai na yi da gaske. Na ce masa kuɗin napep ya ishe ni, ya koya mini. Ƙarya nake, tsoron tuƙi nake kamar me, ko keke ban taɓa hawa ba. Amma na ga ya miƙe zaune.

Filin makarantarmu. Motar ta mutu a hannuna sau tara. Malamin nan ba shi da haƙuri ko na anini: saki a hankali, ba haka ba, wa ya ce ki kalli giya, cire ƙafarki daga nan in kin gama. Na ce in ya ƙara yi mini tsawa zan sauka in bar masa kayarsa. Da muka dawo gida ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Laraba, 25 ga Satumba

Na yi ribas ban taɓa mangwaro ba. Ya ce ba laifi. A bakin Yona wannan lambar yabo ce.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ni na kai shi gashin ƙafa yau, ni na dawo da shi, da takardar izinin koyon tuƙi a jaka. A tafiya ya yi ta ba da umarni kamar kullum. A dawowa, wajen shataletalen Mobil, na ji shiru. Na saci kallo. Barci yake, kai ya jingina da gilashi, baki a ɗan buɗe, hular ta zame.

Mutumin da ko a motar haya ba ya runtsawa, don bai yarda da hannun kowa ba.

Da na iso kwanar gidanmu ban shiga ba. Na miƙe har gadar Chanchaga, na juyo a hankali, ina kauce wa ramuka. Ba wai tuƙin nake so ba, mai ma tsada yake. Gashin nan yana gajiyar da shi ne, kuma in na tsaya zai farka.

Ya farka a ƙofar gida, ya dubi agogo, ya ce yau cunkoso ya yi yawa ke nan. Na ce sosai.