Man Yana Kan Tukunyar Shinkafa

Umma,

Na ga inda kika ɓoye takalman zamiyata, bayan tulunan kimchi, kabejin nan da kike tsimawa. Na ɗauka, na tafi dutse. Yau ce jarrabawar masu koyar da zamiya a kan ƙanƙara, in ta wuce ni sai baɗi.

Ga amsata a rubuce kan maganar jiya wurin cin abinci, kin san ni da nauyin baki. Gwaggo Sun-ja ta kama haɓata tana cewa, "Ke Da-som, wannan wace irin fuska ce? Wurin tabarau fari tas, sauran kamar ƙanzo! Haka za ki tsaya kusa da amarya ranar Asabar?" Kowa ya yi dariya, ke kuma kika sunkuyar da kai. To, haka zan tsaya. Yaya Mi-rae ƙanwarta take so a hoton bikinta, ba hoda ba.

Na shafa man kare rana har bayan kunne, na leɓe yana aljihuna. Man bilicin da Gwaggo ta kawo kuwa, ki mayar mata.

Ɗayan man, mai kaurin, yana kan tukunyar shinkafa. Naki ne. Ki shafa kafin ki fita shanyar kifi. Na ga yatsunki jiya, sun tsage har da jini, kina ɓoye su ƙarƙashin tebur. Sanyi ɗaya ne yake cin mu, amma ke ban taɓa jin an ce ki zauna a gida ba.

Ki rage mini miya.

Da-som