Ranar da Deodato Ya Sauka Daga Dutse

Pontal, Barazil
Farkon Yuni

Ɗana Ramiro,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Celina da yara. Ina fata kuna lafiya can gida Ajantina, a Rosario.

Ni lafiyata ƙalau, don haka kada ka fara. Ina shan magani. Zenaide mai kula da ni tana zuwa kullum da safe ta yi min wanka ta ɗora ni a keken guragu, tana yi tana faɗa kamar ita ta haife ni. Wayar nan da kake naci ba zan ɗauka ba. Tun da ɓarin jikina ya shanye harshena ya yi nauyi, kuma na gaji da jin "Me kika ce, Mama?" Hannun dama dai yana nan, da shi zan ci gaba da damun ka.

Iskar kudu ta taso, kifin tainya ya fara wucewa, garin ya haukace. Deodato mijin Zenaide ya hau dutsensa, wanda ke daura da barandata, yana hangen teku tun safe har yamma. Sauran masunta suna ƙasa suna jiran ya kaɗa farin ƙyallensa su tura kwalekwale su zagaye kifin da taru. Duk wanda ya kama igiya aka ja da shi yana da rabonsa, ko baƙo ne. Ran Lahadi mazan kwalekwale suka ɗauke ni da kekena suka saukar da ni matakalar nan da ka tsana. Juvenal, shugabansu, ya cusa min bakin igiya a hannu ya ce, "Ja, 'yar Ajantina, ba kallo muka kawo ki ba!" Na dawo da kifi a cinya, mai ƙwai.

Sai dai an yi abin takaici ran Talata. Ayarin kifi irin wanda aka daɗe ba a gani ba ya wuce gaɓarmu ba a kaɗa ƙyalle ba. Mutanen ƙauyen gaba suka kama, har manyan motoci suka zo kwasa. Da aka ɗaga kai, babu Deodato a kan dutse. An tambaye shi inda ya je, ya ce uzuri ne ya kama shi. Ana dai ta maganganu. Ni me ya haɗa ni, ba 'yar garin ba ce.

Ka sumbatar min yara.

Mahaifiyarka,
Nelida

*

Rosario

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, Celina da yara ma suna gaishe ki. Takardarki ta iso.

Na karanta ta sau biyu, kuma hankalina bai kwanta ba. Rubutunki ya karkace, ba haka yake ba a watan jiya. Na kira Zenaide, ina tambayar ta lafiyarki ta ce tana da tukunya a wuta, ta kashe. Matar da ke riƙe ni a waya har kunnena ya yi zafi.

Mama, ba na son tuna miki, amma dole. Ni na fasa ƙofa na same ki a ƙasan ɗakin girki, kin yini a nan babu wanda ya sani. Har yau idan waya ta yi ƙara gabana faɗuwa yake yi. Na yarda ki koma bakin tekun da kuka yi burin tsufa ke da Baba, bisa sharaɗi guda da kika amince da shi da bakinki: idan kika sake faɗuwa, kin dawo. Gidan kula da tsofaffin da ke bayan layinmu yana nan, mai tsabta ne, kuma kullum za ki ga jikokinki.

Ki gaya mini gaskiya. Akwai abin da ya faru?

Ɗanki mai ƙaunarki,
Ramiro

*

Dona Nelida,

Barka da rana. Na bar miki wannan a ƙarƙashin butar shayi, don in na buɗe baki a gabanki zan faɗi abin da zan yi nadama.

Kwana da kwanaki ina wanke miki ƙunar nan ta hannu, ina shafa magani a kumburin ƙugunki, ke ba ki ce ba ni ban ce ba. To yau zan ce. Deodato ya gaya min komai, ba don yana so ba, sai don na ga yadda yake dafe baya. Ya ga teku ta yi baƙi da kifi, ƙyalle na hannunsa. A daidai lokacin ya ga kekenki ya kife, ke a ƙasa, butar ruwan zafi a kanki, kanki a bakin matakala. Ya san in ya kaɗa ƙyalle dole ya tsaya yana nuna wa kwalekwale hanya har a rufe taru. Sai ya jefar ya gangaro. Ya ɗaga ki shi kaɗai, tsoho da shi. Ke kuma kika riƙe masa riga kina kuka, kika sa ya rantse da kabarin uwarsa ba zai faɗa ba, kada ɗanki ya ji.

Kin san abin da ake cewa a rumfar kwalekwale? Wai giyar rake ya je sha. Mutumin da ko a bikin 'yarsa bai ɗanɗana ba! Jiya matar Juvenal ta ce min, "Ki riƙa ɗaure masa kwalbar a ƙugu mana, ya huta da sauka." Aka kwashe da dariya. Gidaje nawa ne da kifin ranar za su gyara rufi, kin sani.

Ran Asabar da yamma za su zauna su karɓe ƙyallen su bai wa wani. Ubansa ya riƙe dutsen nan, kakansa ma haka. Ya daina cin abinci, ya zauna yana kallon bango.

Shi ya rantse miki, ni ban rantse ba. Amma ya ce in na faɗa, in tattara kayana. Saboda haka maganar tana bakinki. Ina son ki, Allah ya sani, amma na fi son mijina.

Ki huta lafiya. Gobe zan zo kamar kullum.

Zenaide

*

Pontal
Lahadi

Ramiro,

Ina gaishe ku duka. Zauna kafin ka karanta, kuma kada ka yi min fuskar nan ta ma'aikacin banki.

Na faɗi. Ran Talatar da kifi ya wuce. Na manta ban ja birkin keke ba, na miƙa hannu zan ɗauki buta, shi ke nan. Deodato ne ya bar dutsensa ya ɗaga ni, ni kuma na rufe masa baki saboda tsoronka. E, tsoronka. Na yi shekara talatin ina karɓar haihuwa ban ji tsoron likita ko jini ba, yau ga ni ina ɓoye ƙuna kamar yarinyar da ta fasa kwano.

Jiya na aika a kira mazan kwalekwale su sauke ni. Biyu ne kawai suka zo, suna ta cewa, "Dona, ba wurin mata ba ne yau." Na ce ni ba mace ba ce, kaya ce, su ɗauka.

Rumfar ta cika. Deodato yana zaune a kan juyayyen kwando, ƙyallen a ninke a gwiwarsa. Juvenal yana cewa, "Ka faɗi inda ka je kawai, tsoho, kada ka sa mu yi abin da ba ma so." Na buga sandata a jikin kwalekwale. Na fara magana, harshen nan ya ci amanata. Yarensu ne ba nawa ba, ga baki a karkace, ga tsoro. Wani daga baya ya ce, "Ita ma ta sha ne?" Wasu suka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na kama bandejin da haƙori na warware, na ɗaga hannun sama kowa ya ga ƙunar. Na nuna kaina, na nuna ƙasa, na nuna Deodato. Kalma ɗaya ta fita da kyau: "Ni." Zenaide ta taso ta tsaya a bayan kekena ta faɗi sauran, da muryar da aka ji har bakin ruwa.

Ba wanda ya tafa, kada ka zaci fim ne. Wani ya tofar da yawu ya ce kifin shekara guda ya tafi saboda baƙuwa. Gaskiyarsa ne, kuma ya yi min zafi. Juvenal ya daɗe yana kallon hannuna. Sannan ya juya ga Deodato ya ce, "Ka ga kifin?" Ya ce, "Na gani." "Ka sauka duk da haka?" "Na sauka." Juvenal ya ce, "To gobe ka hau da wuri, iska za ta juya." Yanzu haka ina hango shi a kan dutsen.

Na san sharaɗinmu, ba zan musa ba. Amma a nan idan na faɗi akwai mai gani na, Ramiro. A nan ana ba ni igiya in ja. A can za a ba ni taga da bargo. Ba na son dawowa. Na faɗa maka a fili, sauran ya rage naka.

Mahaifiyarka,
Nelida

*

Rosario

Mama,

Ina gaishe ki. Na karanta, na kasa cin abinci. Ruwan zafi, a bakin matakala! Da mutumin nan bai ɗago ido ba fa?

Ina zuwa ran Juma'a da mota. Ki sa Zenaide ta fara haɗa kayanki. Ki yi fushi da ni yadda kike so, na fi son ki yi fushin kina raye.

Ramiro

*

Pontal

Ranka ya daɗe Ramiro,

Ina gaishe ka da iyali. Ka ce duk ranar da mahaifiyarka ta faɗi in gaya maka. Ta faɗi, na makara da faɗa, ka yi haƙuri.

Kayan ban haɗa ba. Na kwaso nawa na dawo ɗakin da ke kusa da nata, Deodato kuma ya kafa mata katako a bakin baranda. Ka zo ka gani da idonka, za mu gasa maka tainya.

Abu ɗaya dai. Ka san mota ba ta hawowa gidan, sai an sauko da mahaifiyarka ta matakala. Na tambayi Juvenal ko mazansa za su taimaka maka ran Juma'a. Ya ce in gaya maka, su bakin teku kaɗai suke kai ta.

Sai ka zo.

Zenaide