Layi Biyu a Ƙarƙashin Gado

Malama,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya aiki? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Firjin kowa ya tashi lalacewa lokaci ɗaya, ko zama ba na samu a shago.

Na rubuto ne tun da ba kya ɗaga waya. Ranar Talata Baba ya cika shekara da rasuwa. Cikin littattafansa da kika kwashe akwai wani mai koren bango, bayansa ya yage an liƙe da salatif. Shi kaɗai nake so, sauran ki riƙe. Ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Na ga saƙonka, na kuma yi mamaki. Ban san kana da buƙatar littafi ba, sai dai in ƙafar teburin shago ce ta gaza.

Tun da ka tuna mini da shekara, bari in ba ka rahoto. Kwali bakwai na kawo. Na jera su a falo inda ya kamata kujerar baƙi ta zauna, baƙi suka ragu, ban kuma yi asara ba. Na yi niyyar in karanta don nishaɗi kawai, ba jarrabawa, ba aikin ofis. Na karanta arba'in da ɗaya. Nishaɗin, in an tace, bai cika cokali ba. Labaran soyayya goma sha biyu, duk ko an rabu ko an mutu. Tarihin wani jirgin ruwa da ya nitse. Littafin kiwon zuma, wanda shi kaɗai ne babu wanda ya ci amanar wani a ciki. A motar zuwa aiki nake karatu, da lokacin cin abinci, a kan teburin da nake ƙidaya waɗanda aka haifa da waɗanda suka mutu kowane wata. Abokiyar aikina ta ce na fara kama da mai jinya.

Ba labaran ne suka riƙe ni ba. Ka san shekara talatin Baba ya yi yana duba kurakurai a maɗaba'a, fensir a bayan kunne. A tsofaffin littattafan, gyara yake yi: nan an manta lanƙwasar ƙ, can waƙafi ya ɓace. Amma a waɗanda ya karanta cikin shekarunsa biyu na ƙarshe, ya daina gyara. Layi kawai yake ja a ƙarƙashin kalma, kalmar da babu kuskure a cikinta. Na tattara su a ɗan littafina. Kuka. Wuya. Fari. Gado. Kuka kaɗai sau goma sha tara.

Mutumin da bai taɓa cewa ko kansa na ciwo ba, ashe a nan yake faɗa. Kuma da ni yake magana, ni mai zuwa sau biyu a shekara da ledar lemo, domin ya san a gidan nan ni kaɗai ce zan buɗe. Mai koren bangon ya fi kowanne yawan layi. A shafi na tara ya ja har biyu a ƙarƙashin gado. Na san gadon kwanciya ake nufi a labarin, amma Baba ne, ya san abin da yake yi. Layukan sun tsaya a shafi na 112, daga nan takarda fes har ƙarshe.

Saboda haka ba zan bayar ba. Ka zaɓi wani. Akwai na zuma.

Ka gaida matarka da yara.
Ƙanwarka, in ji takardar haihuwa.

*

Malama,

Sallama da gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kin san ni a hankali nake karatu. Na yi kwana uku ina tunanin ko in yi shiru.

Ba Baba ne ya ja layukan nan ba. Shekara biyu kafin ya rasu idonsa ya tafi, haske da inuwa kawai yake bambantawa. Ya hana a gaya miki. Ya ce, "In ta ji, za ta ajiye aikinta ta zo ta zauna tana kallona da tausayi. Makantar ta ishe ni." In za ki zo, sai ya sa in ɗora masa littafi a cinya, in gyara masa shi don kar ya riƙe a juye. Sau huɗu kika zo. Kina ba shi labarin ofis, bai juya shafi ko ɗaya ba.

Ni nake karanta masa. Kullum ƙarfe huɗu in rufe shago in zo, hannuna duk baƙin mai, ya ce, "Wanke tukuna, littafi ba kwampreson firji ba ne." Sai in fara. Kin san kalmomin nan da ake rubutawa iri ɗaya amma baki ya raba su. Ni ba na hango su sai na taka. In zo inda yarinya ta zauna a gindin kuka, in faɗe shi kamar na hawaye, sai ya buga sandarsa a ƙasa. "Kai! Bishiya ce! Wa ya mutu?" In zo inda aka rataya wa mace sarƙa a wuya, ya ce, "Wahala ka rataya mata, sakarai?" Sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya miƙo. "Ja layi, gobe ka sake."

Na gadon kuwa, layi biyu ne don sau biyu na faɗi. Mutum ya gaji ya hau gadonsa, na karanta shi kamar na rabon dukiya. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ko mutuwa ban yi ba ka fara kira."

Kuka sha taran nan duk nawa ne. Har ya rasu ban iya bishiyar nan ba.

A shafi na 112 muka tsaya ranar Lahadi. Ya ce gobe a ƙarasa babin. Litinin muna asibiti. Ƙarasawa kawai nake so in yi, da bakina, ko da babu kowa a ɗakin. Ranar da kika zo kwashe kwalayen ina tsaye a bakin ƙofa, na so in faɗa miki. Kika ce in taya ki ɗauka, tun da ni ƙarfi aka ba ni. Na ɗauka.

Allah ya bar mu lafiya.
Yayanki.

*

Assalamu alaikum.

Kwana goma na ɗauka kafin in amsa, ka yi haƙuri da direba.

Na koma kan ɗan littafina na sake duba jerin. Ashe shekara guda na yi ina karanta tuntuɓenka, ina share hawaye a mota, fasinjoji suna zaton labarin ne ya taɓa ni. Digiri biyu gare ni, kuma don in lura da abin da ya kauce ake ajiye ni a ofis. Na tuna zuwana na ƙarshe. Na nuna masa hoton sabon teburina a waya, ya ce, "Kai, ya yi kyau," yana kallon kafaɗata. Na ɗauka tsufa ne. Gaskiya ban ɗauka komai ba, agogo nake dubawa.

Na nemi dalilin da zan ji haushinka, ban samu mai tsayawa da ƙafarsa ba. Na juya kan Baba, sai na ga abu ɗaya ne ya yi kuskure a kai. Ya zaci zan ajiye aiki in zo. Ban tabbata da na zo ba.

Ga littafin. Na karanta ƙarshensa tuntuni. Ba zan faɗa maka ba, sai dai kar ka sa rai da yawa.

Na yi abu ɗaya da ba ka roƙa ba. A shafi na 113, layin farko, matar ta ce wa mijinta, "Yaya za mu yi yanzu?" Na ja layi a ƙarƙashin kalmar farko. A littafin tambaya ce. Ni na karanta ta ta ɗaya hanyar, wadda na daina kiranka da ita tun shekarar da na shiga jami'a.

Ka gaida gida.
Ƙanwarka.

*

Malama,

Sallama. Littafi ya iso, na gode. Na ga layin. Da Baba ne zai ce kuskure kika yi, gobe ki sake.

Jiya ƙarfe huɗu na rufe shago, na wanke hannu, na zauna a ɗakinsa na buɗe. Ban iya wuce kalmar ba, don ban san ta wace hanya zan faɗe ta ba. Na rufe.

Zan ƙara gwadawa gobe.

Ki huta lafiya.