Buta a Kan Ƙanƙara

Bloemfontein, watan Mayu

Zuwa ga maigidana Mokhethi, Baban Puleng,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da tumakinka da ka fi so a kan kowa. Na iso lafiya. 'Yarmu Puleng da mijinta suna gaishe ka. Jaririn da ta haifa ya ɗauko goshinka, Allah ya sa bai ɗauko halinka ba.

Ba don mu shirya na rubuto ba. Har yanzu maganar da ka yi ranar bikin Ista a gaban baƙi tana ci mini rai, wai tafkina kududdufin wasan yara ne, bana za ka mai da shi mashayar tumaki, maƙwabcinka Lebona yana taya ka dariya. Shekara da shekaru ina kiwon jajayen kifayen nan a cikinsa, tun da na kawo su a bokiti daga gidan da na yi aiki a garin Clarens. To na bar maka su, su bakwai, ga ɗarin tsaunukanmu mai ƙanƙara yana tafe.

Da zarar ruwan ya yi sanyin da hannu ba ya jurewa, ka daina ba su abinci kwata-kwata. In ƙanƙara ta rufe samansa kada ka fasa ta. Ka dafa ruwa a buta ka ɗora a kai, ta narkar da ƙofa ɗaya ta shan iska.

Ranar da suka taso saman ruwa da rai bayan ɗari, ranar zan hau mota in dawo. In ba su taso ba, ɗakin Puleng yana da faɗi.

Ka huta lafiya,
'Mapuleng

Thaba-Tseka, watan Yuni

Zuwa ga 'Mapuleng,

Salama, ruwan sama da wadata su tabbata a gidan da kike. Takardarki ta iso hannun direba, na karanta, na kuma yi mamaki.

Ni za a koya wa fid da dabba daga ɗari? Shekarar da dusar ƙanƙara ta binne garken mutane a kan duwatsu, wa ya sauko da nasa ko ɗan rago bai rasa ba? Kin sani, garin nan ya sani. Na faɗa wa Lebona a rumfar sausayar tumaki, kowa yana ji, cewa in kifin nan suka gagare ni in daina kiran kaina makiyayi.

Maganar hana abinci ban karɓa ba. A ɗari ake ƙara wa dabba abinci, ɗan da aka yaye jiya ma ya san wannan. Kullum da safe ina marmasa musu tuwon masara, ba na yi musu rowa. Ƙanƙara kuwa ta fara kwana a kan kududdufin, ina yi mata yadda nake yi wa kwamin tumaki: gatari sau biyu, aiki ya ƙare. Buta na bar wa mata.

Babban nan mai farin kai, wanda kika sa wa suna Tsoho don ki tsokane ni, ya kwanta a ƙasan ruwa yana fushi. Ban san wajen wa ya koya ba.

Ki shafa mini kan jikana.
Mijinki, Mokhethi

Bloemfontein, watan Yuni

Baban Puleng,

Ina gaishe ka don an ce gaisuwa wajibi ce. Wallahi da na gama karanta takardarka sai da na zauna a ƙasa na yi kuka, Puleng ta zaci mutuwa aka yi.

Kifi ba tunkiya ba ne, bawan Allah. In ruwa ya yi sanyi cikinsa barci yake yi, abin da ya haɗiya ruɓewa zai yi a cikinsa, wanda ya bari kuma ya ɓata ruwan. Gatarin kuwa, sa kanka cikin durom ka ce Lebona ya buga da guduma, ka ji abin da suke ji. Tsoho ba fushi yake yi ba, kwanciyar ɗari ce, haka suke yi kowace shekara. Kana wucewa ta gefen tafkin nan kullum, ba ka taɓa sunkuyawa ka duba ba.

Ka tsame tuwon nan, ka rataye gatarinka. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma a kan kifayena kake naɗa shi.

'Mapuleng

Thaba-Tseka, ƙarshen Yuli

Zuwa ga 'Mapuleng,

Salama, ruwan sama da wadata. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, takardarki ta makara a hannun direba. Kafin ta iso biyu sun mutu, ƙananan nan masu ɗigon baƙi. Na same su ciki a kumbure. Ba zan ɗora wa sanyi ba, tuwona ne. Na binne su a gindin itacen bayan ɗaki, ban bai wa kare ba. Saura biyar.

Na ɗaura rariyarki a sanda na tsame tuwon tas. Buta dai na ce ba zan ɗauka ba, sai na cika baƙar tukunyar ƙarfen nan mai ƙafa uku da tafasasshen ruwa, na rungumo ta na dire a kan ƙanƙarar. Gindinta bai taɓa komai ba. Ƙafafun suka huda mini ramuka uku, kowanne yatsa ne kawai zai shiga. Lebona yana kan dokinsa a bakin shinge, ya yi dariya har bargonsa ya zame. Washegari na ɗauki butar, na ɗaura mata igiya kada ta nutse. Ƙofa ta buɗe kamar faifai.

Yanzu kullum da safe sai ya biyo ya ce, "Uwargida, shayin kifi ya nuna?" Rannan ya ce sun daɗe da mutuwa, gawa nake wa hidima. Na ce masa, "Lebona, kai da tumaki goma suka gagare ka bara, ka bari masu kiwo su yi magana."

Abin da ya fi mini wuya shi ne hana su abincin. Ina durƙusawa a bakin ƙofar, ina hango su a ƙasa ba motsi sai kumatunsu da ke ɗan buɗewa don numfashi, ga tuwo a aljihuna. Tun da aka haife ni ban taɓa kallon dabba tawa na hana ta abinci ba. Sai in miƙe in ba kaji.

Busasshen kashin shanun da muka tara ya kusa ƙarewa, don haka wuta sau ɗaya nake hurawa, ta buta ce. Tuwo mai sanyi bai taɓa kashe namiji ba. Ba tausayi nake nema ba, labari nake ba ki.

Mijinki, Mokhethi

Bloemfontein, watan Agusta

Baban Puleng,

Gaisuwa mai yawa. Biyun sun yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ka faɗa da bakinka, na kuma ji.

Na ba direba kalanzir da risho ya kawo maka. Ka ci abinci mai zafi, ba na son in zo in tarar da kifi da rai, mai su a kwance. Kada kuma ka zungure su da sanda don ka gwada wa Lebona suna numfashi, na san ka.

Jiya surukar Puleng tana yabon mijinta wai yana wanke mota da kansa. Na ce nawa tulin ƙanƙara yake ratsawa da buta kullum saboda kifayena. Ni kaina ban san na faɗa da ƙarfi haka ba.

Matarka, 'Mapuleng

Thaba-Tseka, watan Satumba

Zuwa ga 'Mapuleng,

Salama, ruwan sama da wadata. Itatuwan bayan ɗaki sun yi fure, ƙanƙara ta saki tafkinki.

Ranar Talata da hantsi huɗu suka taso. Na tsaya ina jiran na biyar har tumaki suka fara kuka a garke, bai zo ba. Laraba ma shiru, na ɗauko sanda, na tuna maganarki, na ajiye. Ranar Alhamis sai ga farin kan nan yana tasowa a hankali, kamar wanda aka yi wa laifi, ya buɗe baki a saman ruwa. Tsoho ne, ya rame amma yana nan da taurin kansa.

Na je har gida na kira Lebona, na ce ya sauko daga doki ya ƙirga da yatsansa. Ya ƙirga biyar, ya sake ƙirgawa, ya cire hula. Yanzu a rumfar sausaya ana cewa a duk tsaunin nan ni kaɗai na taɓa fid da kifi daga ɗari. Na ce musu ƙarya ne, 'Mapuleng ta riga ni da shekaru, ni ban lura ba ne.

Kifayen suna bina da baki duk inda na zaga, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Ban ba su komai ba. Lomar farko taki ce.

Mijinki, Mokhethi

Bloemfontein

Baban Puleng,

Na gaishe ka, makiyayi. Motar Asabar zan biyo. Ka zo tasha da sabon bargonka, ina so mutane su ga wanda ya zo taryata.

Ka kwance igiyar nan daga butar ka wanke ta. Shayi za mu sha a bakin tafki.

Taka, 'Mapuleng