Rangwamenku Bai Shigo Lungunmu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Rangwamen Haraji Don Kare Gidaje Daga Gobara.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da sanyin ofishinka.

Ni malamin firamare ne, haifaffen Soron Ɗinki. Harajina ba a roƙona, tun kafin albashi ya zo hannuna an yanke shi. Shi ya sa da na ji ka a rediyo kana cewa duk wanda ya gyara gidansa don gudun gobara za a rage masa haraji, sai da na ce madalla. Ashe romon baka ne.

Na ɗaya. Gidanmu gidan gado ne. Kakanmu ya gina shi, ya rasu ya bar shi, ba a raba ba, kuma da gangan aka ƙi rabawa. A ƙuryar gidan akwai ƙanwar mahaifina, Gwaggo Habi. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ko alwala sai an kawo mata buta bakin gado. Silin ɗakinta na kwali ne, wayar wutar da ke cikinsa kuwa ta girmi wasu ma'aikatanka. Bara, da rana tsaka, aka kawo wuta da ƙarfi, gidan maƙwabcinmu ya kama. Katangarmu ɗaya da su. Motar kashe gobara ta zo ta tsaya a bakin titi tana jiniya, mu kuwa bokiti muka riƙa miƙa wa juna har Allah Ya taƙaita. Ni na goyo Gwaggo na fito da ita cikin hayaƙi, tana salati a kunnena. Tun daga ranar, in aka kawo wuta gabana faɗuwa yake.

Na biyu. Saboda maganarka na sayar da babur ɗina, na sauya wayar zaure da ta tsakar gida, tunda daga nan kowane ɗaki yake jan wuta. Lissafina shi ne abin da za ku rage min in ɗora a ɗakin Gwaggo, a cire kwalin nan, a sa sabuwar waya. Kuka ce za ku turo mai dubawa. Ya zo kuwa, da farin takalminsa. Ya leƙa lungun, ya ga kwata, ya ja da baya kamar an nuna masa rami. Daga bakin titi ya ɗauki hoton bangon da ba ma namu ba, ya koma mota. Ranka ya daɗe, in lungun da muke kwana ya fi ƙarfin takalmin yaronka, mene ne ya duba?

Amma gidan wani Alhaji da ke bakin titi, mai bene, wanda motar kashe gobara za ta iya shiga har tsakar gidansa ta juya, an shiga an sha lemo. Tukunyar kashe wuta ya rataya a ƙofa, ja wur, aka ba shi rangwame. Ba hassada nake yi ba, Allah Ya ƙara masa. Abin dai ya ba ni dariya ne.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da na biyo sawu ofishinku, aka ce gidan ba sunana ne a kai ba, sunan mamaci ne, mamaci kuwa ba ya biyan haraji. Wani ma'aikacinka, yana danna waya ko kallona bai yi ba, ya ba ni shawara wai mu raba gado a sa sunan mutum ɗaya. Kai jama'a! A Kano aka haifi wannan kuwa? Wa bai san cewa gida irin namu, mai magada birjik, ba ya rabuwa sai an sayar an raba kuɗi ba? Rabon Gwaggo ko ɗaki ɗaya ba zai saya mata a bayan gari ba. Wato don in kare ta daga wuta, sai in fara fitar da ita daga ɗakin da aka yanke mata cibiya. Wannan basira taku, wallahi sai ku.

Iyayenmu sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin badala, nan tsohon birni, gemun ma a haɗe yake. Wuta ba ta tambayar takardar gida kafin ta tsallake katanga, ba ta kuma tambayar wanda ake yankar wa haraji. Kun zauna kun tsara doka don gidaje masu get da mai gadi, sannan kuka shiga rediyo kuna kiran sunan talaka. Na raina wannan aiki, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku karɓi shaidar mai unguwa da amincewar magada a madadin takardar mutum ɗaya. Ku turo wanda zai shigo lungu da ƙafarsa, in takalmi ne matsala zan ara masa silifa. Sannan kai da kanka ka zo ka tsaya a ɗakin Gwaggo, ka ɗaga kai ka kalli silin nan, gani ya kori ji.

Ina maka addu'a Allah Ya tsare gidanka da iyalinka daga gobara, kada Ya nuna maka ranar da za ka goyi tsohuwarka cikin hayaƙi. Allah Ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

In kuma kun ga ba za ku iya ba, to ku sani faɗin lungunmu magabata sun auna shi ne daidai wucewar makara. Motarku ba ta shiga, amma makara tana fita. In ta fito da Gwaggo saboda kwalin nan, kada ku turo kowa ta'aziyya, kada farin takalmi ya ɓaci.

Wassalam.

Malam Habibu,
Soron Ɗinki, cikin birnin Kano.